Adaidaita da dogon baro: ana ƙara musu kaya, ana mance burki

Duk wanda ya tsaya bakin babbar kasuwar Maraɗi da hantsi, ko kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, zai lura da abu guda: da wuya a samu babur mai ƙafa uku da ya zauna yadda ya fito daga masana'anta. Wannan an yi masa labule da tuntaye, wancan an jera masa fitilu kamar gidan biki, wani kuma an ɗaura masa lasifika ƙarƙashin kujera. Na dakon kaya kuwa, wanda jama'a suka laƙaba wa suna dogon baro, da zaran an saye shi sai a wuce da shi wajen mai walda a ƙara wa akwatinsa tsawo. Wannan aiki ya zama sana'a mai ciyar da iyalai masu yawa, kuma ba abin zargi ba ne. Amma ya kamata mai babur ya san gyaran da ke ƙara masa amfani da wanda ke kai shi ga hasara, domin masu gyara ba kullum suke faɗa masa ba.

Asalin wannan abin hawa Italiya ne. A shekarar 1948 kamfanin Piaggio ya fito da shi da sunan Ape, wato ƙudan zuma, don ƙananan ƴan kasuwa da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari ba su da halin sayen mota. Kamfanin Bajaj na Indiya ya karɓi izinin ƙera irinsa, kuma yau Bajaj RE da TVS King su ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar mutane a garuruwanmu. Sunan adaidaita daga Kano ya zo mana, daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta zuba waɗannan babura a titi a 2005 domin sufurin mata. Dogon baro shi kuma galibi ƙirar ƙasar Sin ne.

Abin da ya dace a fara sani shi ne, maƙerin ya auna kome tare. Injin adaidaita girmansa wajen 200 cc ne, ƙarfinsa wajen doki 10, kuma an yi shi ne don direba da fasinja 3. Burki da taya da shasi da sifirin, duka a kan wannan nauyi aka lissafa su. Wanda ya sauya ɗaya ya taɓa sauran, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai gyare-gyaren da babu mai hankalin da zai ƙi su. Tamfol mai kauri a rufi, labulen gefe da ke tare ƙurar hunturu da ruwan damina, madubi mai faɗi, takarda mai ƙyalli a bayan akwati domin direban kamyo ya hango shi da dare a hanyar Ɗan Isa ko ta Mirya. Mafi amfani cikinsu, a ganina, sandar ƙarfe ce da ake gicciyawa a ƙofar hagu. A Nijar hannun dama muke bi, saboda haka fasinjan da ya sauka ta hagu tsakiyar titi ya sauka. Ƙarfe ɗaya da walda kaɗan sun isa su hana yaro dirowa gaban mota. Fitila ma ana iya sauya ta da irin ta LED, wadda ta fi haske kuma ta fi cin wuta kaɗan, muddin an karkata ta ƙasa kada ta kashe idon mai tahowa. Sai dai abin da ke cika batir a irin wannan inji ƙarami ne. Idan aka haɗa masa fitilu goma da lasifika, batir ba ya cika, kuma wayar da aka jona ba tare da fis ba tana iya kama wuta a wurin da ba ya nesa da tankin mai.

Inda matsalar take da gaske shi ne sifirin, wato faifan ƙarfen nan da ke jere ƙarƙashin akwatin dogon baro. Mai babur ya ga akwati yana nutsewa idan an loda, sai ya sa a ƙara masa faifai biyu ko uku. Akwati ya daina nutsewa, shi ke nan a wajensa babur ya ƙara ƙarfi. Alhali kuwa abin da ya yi shi ne ya toshe bakin da ke gaya masa kaya sun yi yawa. Mu yi lissafi mai sauƙi. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 tan guda ke nan. Bidon ruwa mai lita 25 kilo 25 ne, guda 30 sun kai kilo 750. Akwatin da aka ƙara wa tsawo yana cinye wannan duka har da saura, sifirin da aka ƙara kuma yana riƙewa. To, me zai tsayar da shi?

Burkin da ke ƙafafun bai ƙaru ba. Aikin burki shi ne ya mai da gudu zafi, kuma idan nauyi ya ninka, zafin da zai sha kafin a tsaya ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Burkin waɗannan babura irin na cikin kwano ne, ba ya saurin hucewa, kuma da ya yi zafi sosai sai ya rage kamawa. Direba yana takawa, ƙafa tana juyawa. Bugu da ƙari, sifirin da ya yi tauri ba ya shanye bugun rami, yana miƙa shi ga shasi da sandar ƙafafun baya. Shi ya sa ake ganin tsagewa daidai bakin walda bayan ƴan watanni, a sake waldawa, ta sake tsagewa kusa da wurin.

Tsawon kaya kuma wata masifa ce dabam. Mota tana tsaye a kan kusurwa huɗu, wannan kuwa a kan uku, ƙafa ɗaya tak a gaba. Idan direba ya taka burki yana cikin kwana, nauyi yana zubowa gaba da gefe, daidai wurin da babu ƙafar da za ta tare shi. Iyakar yadda kaya suka yi sama, iyakar saurin kifewa. Na taɓa ganin haka da idona a wani shataletale ina hanyar zuwa aiki: dogon baro ɗauke da buhunan albasa har sun wuce kan direba, ba ya ma gudu, ƙafar baya ta ɗaga a hankali kamar ana wasa, sai ga shi kwance. Allah ya kiyaye yaron da ke zaune bisa buhunan, ya tsira da gurjewa. Tankin ruwa da bai cika ba ya fi wannan haɗari, don ruwan yana gudu gefe guda a cikin kwana.

Game da inji, samari na son a ji ƙararsu, sai su huda salansa ko su cire abin da ke cikinta. Ƙara tana ƙaruwa, amma ma'aunin mai da iska ya lalace, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Wasu kuma suna cire matatar iska wai don inji ya shaƙa. A ƙasar da iska ke ɗauke da rairayi wata da watanni, wannan daidai yake da zuba yashi cikin inji da hannu. Babbar taya ma haka: tana ɗaga babur daga rami, amma tana rage masa ƙarfin tashi da kaya, kuloci ne ke biyan bashin.

Kada mu ɗora laifin duka a kan direbobi. Da yawa daga cikinsu ba su ne masu babur ba. Akwai kuɗin da za su kai wa mai shi kowace yamma, ko an samu ko ba a samu ba, sauran ne nasu. Wanda ke cikin wannan hali zai so ya yi sawu ɗaya a maimakon biyu, kuma idan burki ya cinye zai nemi mafi arha a kasuwa. Kayan gyara kuwa iri-iri ne, kwali ɗaya, suna ɗaya, aiki dabam. Ana iya haƙuri da madubi na jabu ko murfin fitila. Takalmin burki da taya da wayar burki ba a yi musu haka, kuma mai babur ne ya kamata ya saye su da kansa wajen dillalin da aka sani, kada ya bar wa yaron da ke ƙirga cinikin yini.

Akwai kuma zancen takardu, wanda ya shafi ma'aikatanmu na sufuri da na magajin gari. A takardar da ake kira «carte grise» ana rubuta yawan mutanen da abin hawa zai ɗauka da iyakar nauyinsa. Baburin da aka ƙara wa benci biyu a akwati yana kai mutum goma kasuwar ƙauye ya saɓa wa takardarsa, kuma ranar da aka yi haɗari wannan saɓani ne kamfanin inshora zai fara dubawa. Tara a bakin hanya ba ta gyara wannan. Masu walda da makanikai su ne ke yin aikin da hannunsu, a wajensu ya kamata a fara: a tara su ta hanyar ƙungiyoyinsu, a yi musu bayani da Hausa, a ba su takarda mai hoto da ke nuna iyakar tsawon akwati da nauyin kowane irin babur. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su karanta wa sauran.

Kai kuma da ka sayi sabo kana shirin kai shi gareji, ka nemi ɗan littafin da ya zo da shi, ka sa a karanta maka nauyin da aka rubuta, ka mai da shi buhu ko bido yadda yaronka zai gane. Ka fara da burki da taya, sannan fitila da takarda mai ƙyalli, sannan sandar ƙofar hagu. Labule da tuntaye sai su jira ƙarshen wata.