Daga Teku Zuwa Tukunya: Tafiyar Kifin Ƙanƙara

Ƙasar Nijar ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya, amma da wuya mutum ya shiga babbar kasuwa a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya rasa kifin teku a kan tebur. Shinshar, sardin, da makaro wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa titus, duk sun zama ƴan gida a tukunyarmu, domin sau da yawa sun fi nama sauƙin kuɗi. An kamo su ne a ruwan Muritaniya, Maroko, Namibiya ko arewacin Turai, sun yi makonni, wani lokaci watanni, kafin su iso. Ba gishiri aka sa musu ba, ba a kuma banda su ba. Sanyi ne kaɗai ya rako su, kuma sharaɗinsa shi ne kada ya yanke a hanya. Ya kamata magidanta da uwayen gida su san inda wannan sanyi ke da ƙarfi da inda yake raunana, tunda lafiyar iyali ce a ciki.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1876 wani Bafaranshe mai suna Charles Tellier ya ɗora injin sanyi a cikin jirgin ruwa, ya kai nama daga Rouen har Buenos Aires ta ƙasar Ajantina. A 1882 kuma jirgin Dunedin ya tashi daga Niyu Zilan da naman tumaki kusan 5,000 daskararre, ya yi kwana 98 a teku kafin ya kai Landan, kuma ɗaya tak aka samu ta lalace. A wancan zamani cikin jirgin ne kansa ake sanyayawa, sai an sauke kayan da hannu a kowace tasha. Sauyi ya zo bayan 1956, shekarar da Ba'amurke Malcom McLean ya fara jigilar kaya cikin manyan sunduƙan ƙarfe, wato kwantena, waɗanda ake ɗagawa daga jirgi a ɗora bisa mota ba tare da an buɗe ba. Da aka haɗa sunduƙin da injin sanyi sai aka sami firigo mai tafiya. A yau mafi yawan abincin sanyi da ke ƙetare teku a cikin irinsa yake tafiya.

Wadda aka fi amfani da ita tsawonta wajen mita 12 ne, tana ɗaukar kaya kimanin tan 25, wato kwalin kifi mai kilo 20 fiye da 1,000. Bangonta biyu ne, da abin hana zafi shiga a tsakani, injin kuma yana can ƙuryar da ke fuskantar ƙofa. Daɓenta ba shafaffe ba ne, yana da kwaroro-kwaroro na ƙarfe daga ƙurya har bakin ƙofa. Ta cikinsu injin ke hura iska mai sanyi, ta taso ta kewaye kayan, ta bi ta sama ta koma wurin injin. Shi ya sa aka ja wani jan layi a bango kusa da rufi: duk wanda kwaɗayi ya sa ya jibga kaya ya wuce layin nan ya toshe wa iska hanya, kwalayen bakin ƙofa su ne za su fara narkewa alhali agogon injin yana nuna lafiya lau.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ba a ƙera injin kwantena don ya daskarar da kaya ba, an yi shi ne don ya riƙe sanyin da aka ba shi amana. Dole a daskarar da kifi tun a jirgin kamun kifi ko a masana'anta, tsakiyarsa ta kai digiri 18 ƙasa da sifiri, sa'an nan a loda. Idan aka zuba shi da ɗumi, na gefe zai daskare, na tsakiya kuma ya yi kwanaki yana lalacewa a ɓoye.

Ba kowane kaya ke son ƙanƙara ba. Ayabar da Kwaddibuwa da Kamaru ke aikawa Turai daga Abijan da Duwala ana riƙe ta ne a digiri 13 zuwa 14, in sanyi ya wuce haka ɓawonta ya dushe ta ƙi nuna da kyau. Ɗanyen kaya yana numfashi, don haka akan buɗe masa ƴar kafar iska, wani lokaci ma a rage iskar oksijin da ke ciki don a jinkirta nunarsa har ya isa.

A ganina, tafiyar teku ita ce mafi aminci a duk tafiyar. A cikin jirgi ana jona kowace kwantena da wutar lantarkin jirgin, manyan jirage suna da wuraren jonawa ɗaruruwa, ma'aikata suna zagayawa kowace rana suna duba su, injin kuma yana rubuta yanayin sanyin a ƙwaƙwalwarsa, ta yadda in rigima ta taso za a iya sanin ranar da sa'ar da ya tsaya. A tashar jiragen ruwa ma akwai wurin jonawa, sai dai kowace rana da kuɗinta.

Wahalar tana farawa ne bayan an fita ƙofar tasha. Daga Kwatano zuwa Yamai, ta Malanbil da Gaya da Dosso, tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakar Benin da Nijar, kaya da yawa suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo, inda manyan motoci kan yi kwanaki suna jiran rakiyar sojoji. A kan hanya babu wutar jirgi, sai ƙaramin janareta da ake maƙala wa motar, mai shan gazuwal dare da rana. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsakanin cikin kwantena da wajenta akwai tazarar kusan digiri 60. Mai kayan da ya ce a kashe janareta da dare don a tsimi mai, ko direban da mai ya ƙare masa a layin duwan, ba za a ga aikinsa nan take ba, domin in aka sake kunnawa kifin zai koma ya yi tauri kamar ba abin da ya faru. Haka ma ɗakin sanyin dillali a ranar da aka ɗauke wuta, da firigon mai shago da ake buɗewa sau hamsin a yini.

Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai take sa su. Da ɗumi ya shiga sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Makaro da sardin suna da wani haɗari na daban: in suka daɗe cikin ɗumi, wani sinadari da ake kira histamin yana taruwa a tsokarsu, kuma suya ko dahuwa ba ta kawar da shi. Wanda ya ci yakan ji fuskarsa ta yi ja tana zafi, ga ƙaiƙayi da ciwon kai da gudawa, galibi cikin sa'a guda, har a ɗauka cewa jininsa ne bai haɗu da kifi ba.

Kifi dai ba ya bukatar yanka, amma kajin ƙanƙara suna bukata. Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman kaza, kuma tana da mayankun da ke yi wa ƙasashen Larabawa yanka bisa shari'a, sai dai ba kowane kwali ne ya fito daga irinsu ba, na Turai ma haka. Mai saye ya nemi ganin kwalin da tambarin halal da ke jikinsa, kada ya wadatu da maganar baki. Najeriya ta hana shigo da irin waɗannan kaji a 2003, Senegal a 2005, kuma wanda ake ratsa daji da shi a ɓoye don kauce wa duwan, babu injin da ke rakiyarsa.

Uwar gida ba ta da ikon karanta ƙwaƙwalwar injin, amma kwalin kansa yana ba da labari. Wanda ya lanƙwashe, ko yake da shatin ruwa ko na jini da ya bushe, ya taɓa narkewa. Haka in aka ga ƙanƙara mai launin ja ta taru a gindin leda, ko cikin kifin ya fashe, ko gefensa ya yi rawaya yana warin tsohon mai. A duba ranar da aka rubuta a jikin kwalin. In za a narkar, a bar shi a firigo ya kwana, ko a sa shi cikin ruwan sanyi a leda, kada a shanya shi a rana. Abin da aka narkar kuma a dafa shi a ranar, ragowar da aka dafa ita ce za a iya mayarwa cikin ƙanƙara.