Zaren Da Ke Gyara Kansa: Amsa Ga Tambayar Wata Ɗaliba

A ƙarshen wata lacca, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, mu da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tsadar magani, ina ruwanmu da siffar furotin?" Ajin ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba, domin na sha jin irin wannan tambaya daga bakin manyan da ke rabon kuɗin bincike. Ga amsata.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai zaren gado, wato DNA, wanda in aka miƙe shi zai kai kimanin mita 2. An cusa shi cikin cibiyar ƙwayar, wadda faɗinta bai fi kimanin kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Hakan ya yiwu ne saboda zaren naɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar yadda mai kaɗi ke naɗe zare a mazari. Histon 8 ne ke haɗuwa su yi dunƙule guda, haruffan gado kimanin 147 su zagaye shi, dunƙulen su jeru kamar 'ya'yan carbi. Wannan haɗi shi ake kira kuromatin. Roger Kornberg ne ya bayyana tsarin a 1974, amma sai a 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond da abokan aikinsu a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka fitar da cikakkiyar siffar dunƙulen ta hanyar hasken eksire.

Zaren nan ba ya zaune lafiya. Hasken rana da hayaƙin taba da sinadaran da jiki ke samarwa da kansa suna yi masa lahani sau dubbai a kowace ƙwaya kullum. Da babu masu gyara, da rayuwa ba ta ɗore ba. A 2015 aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel saboda gano yadda ƙwaya ke yanke wurin da ya lalace ta maye gurbinsa.

Sai dai tela ba ya ɗinke yagewar rigar da ke ninke cikin akwati. Dole ne ƙwaya ta sassauta naɗin, ta yi gyara, sannan ta mayar da histon mazauninsu. Ɗaya daga cikin masu mayarwar shi ne furotin CAF-1, wanda Susan Smith da Bruce Stillman suka gano a 1989, daga baya ɗakin binciken Geneviève Almouzni a Faris ya nuna yana aiki a wuraren da aka yi gyara. Mayarwar na da muhimmanci, domin histon na ɗauke da alamomin da ke taimaka wa ƙwaya ta san ko ita ta hanta ce ko ta fata. In naɗin ya rikice, sai umarnin da ya kamata ya yi shiru ya farka, kuma wannan na cikin hanyoyin da sankara ke bi.

To, ina ruwanmu? Gubar afalatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba tana manne wa DNA a hanta, abin da ya kuɓuce wa masu gyara kuma yakan kai ga sankarar hanta. 'Yan'uwanmu zabiya suna fama da sankarar fata saboda rana na lahanta zarensu ba tare da kariyar launin fata ba. Haka nan matan da suka gaji naƙasa a BRCA1 ko BRCA2, waɗanda aikinsu ɗinke zaren da ya tsinke ne, sun fi fuskantar sankarar mama. Maganin olaparib, da aka amince da shi a 2014, yana toshe wani mai gyara da ake kira PARP, sai ƙwayar sankarar da dama ta rasa BRCA ta mutu. Tun 1963 aka fara gano aikin PARP, lokacin da ba wanda ya hango magani a cikinsa. Shekara 51 ke nan tsakanin shuka da girbi.

Na yarda kayan aikin na da tsada, kuma har yau babu babbar na'urar hasken sinkurotiron ko ɗaya a nahiyar Afirka. Amma rumbun siffofin furotin na duniya, PDB, wanda aka kafa a 1971, yana ɗauke da siffofi sama da 200,000 kyauta. Ɗalibi a Zariya ko Maraɗi mai kwamfuta da intanet zai iya juya wancan dunƙule na 1997 a gabansa. Kirana ga jami'o'inmu da asusun TETFund shi ne a saka wannan fanni cikin manhaja, a tura matasa su koyo, a tanadar musu wuta da intanet in sun dawo.

Sancar ɗan wani ƙaramin gari ne, Savur, a Turkiyya, kuma iyayensa ba su iya karatu da rubutu ba. Na gaya wa ɗalibar hakan, na ba ta adireshin rumbun, na ce ta dawo mini da tambaya ta gaba.