Karin Sauti: Daga Kalangu zuwa Kiɗan Ƙwayar Cuta

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta kwatanta hanyoyi biyu na mayar da saƙo zuwa kiɗa, domin ɗalibi ya gane abin da karin sauti ke iya ɗauka da abin da yake bari.

2.0 Kiɗan Ƙwayar Cuta

A watan Janairun 2020 aka wallafa tsarin halittar ƙwayar cutar korona. Tsarin jeri ne na haruffa kusan 30,000, amma iri huɗu ne kawai: A, C, G da U. Haruffa uku-uku ne ke fayyace tubalan gina furotin, waɗanda suke iri 20. A shekarar ce Farfesa Markus Buehler na jami'ar MIT ta Amurka ya ɗauki furotin ɗin ƙayar da ƙwayar ke kama jikin mutum da ita, ya ba kowane tubali sautinsa gwargwadon yadda yake karkarwa. Kiɗan da ya samu ya kusa awa biyu. Hikimar ita ce, kunne kan kama maimaici da canji inda ido ya gaji da dogon jeri.

3.0 Kalangu a Birketari

Wanda ya halarci bikin Hausawa a unguwar Birketari ta Yawunde ya san makamancin wannan. Makaɗin kalangu yakan matse tsarkiya ko ya sassauta, sai sauti ya hau ko ya sauka, yana bin karin gaɓoɓin kalma. Maƙwabtansu Ewondo ma suna da gangar katako mai suna nkul, mai murya biyu.

Sai dai akwai bambanci. A tsarin Buehler kowane tubali da nasa sauti, don haka ana iya komawa daga kiɗa zuwa jerin. Kalangu kuwa yana zubar da baƙi da wasali. Yana iya raba "kuka" na hawaye (sama-sama) da "kuka" itaciya (sama-ƙasa), amma "kuka" na hawaye da "rana" duk ɗaya ne a bakinsa. Shi ya sa makaɗa ke dogara da kirari da take waɗanda jama'a suka riga suka haddace.

4.0 Kammalawa

Ke nan, mai sauraren kalangu da harshensa yake cike giɓin. Yaron Birketari da Faransanci ya rinjayi Hausarsa zai ji kiɗan, amma maganar za ta wuce shi.

Aiki: Kawo kalmomi biyar da kalangu ba zai iya bambanta su da "rana" ba.