Filin Manoma: Kiwon Gyazbi A Gida

Jama'a, yau za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu taɓa wata dabba wadda yawancinmu ba mu san ta da kome ba sai ɓarna. Ina nufin gyazbi, wanda waɗansu ke ce wa gyauji. Duk mai rake ko shinkafa a fadamun Gwaram, da mai masarar rani a bakin kogin Bunga, ya san aikinsa. Ka kwana da gona lafiya, da safe ka tarar an datse kara a karkace sai ka ce da wuƙa, an tara maka guntaye wuri guda. To, wannan ɓarawon ne yanzu waɗansu suka fara sakawa a keji suna ciyar da shi da hannunsu, domin namansa yana da tsada ƙwarai wajen mutanen kudu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, wani dattijo daga wani ƙauye na ƙasar Gwaram ya tare ni a kasuwar Sara, ya ce, "Malam, ka daure ka zo ka duba mini. Kuɗin riɗina na bara ne a cikin kejin nan, ga shi suna mutuwa da ɗai-ɗai, alhali ko 'ya'yana ba su fi su ƙoshi ba." Ashe guda biyar ya saya wajen wani direban babbar mota da ya zo da su daga kudu, namiji ɗaya da mata huɗu, kafin wata biyu mata biyu sun mutu. Na ce, "To Baba, jibi ina nan tafe."

Da na je sai na tarar da keji na ragar waya an ajiye shi a tsakar gida, taku uku daga turmin da a ke daka. Ba inuwa, ba wurin ɓuya. Yara sun kewaye shi da tsinke, ga kare yana kai da kawowa. Abinci kam akwai, ba ƙarya: dusa an dama ta da ruwa cike da kwano, ga tsaki, ga sauran tuwon jiya. Ɗaya daga cikin matan ta sale hanci har jini, ɗayar kuwa haɓarta jiƙe sharkaf da miyau, tana ɗaukar abinci yana faɗuwa. Da na rufa mata buhu na buɗe bakin, sai ga haƙoran ƙasa sun yi tsawo har sun fara huda dasashi na sama.

Ni ma ba a makarantar aikin gona na koyi wannan ba. Can shanu da tumaki da kaji da zomaye aka koya mana. Abin da zan faɗa, wani na karanta ne, wani kuwa na saye shi da hasara, don shekara uku ke nan ina da 'yan kaɗan a bayan gidana a Birnin Kudu.

Mu fara da haƙori, gama nan ne matsalar ta fi yawa. Gyazbi, da gafiya, da kurege, da beguwa, da ɓeran ɗaki, duk dangi guda ne ta wajen baki. Kowannensu yana da haƙoran gaba huɗu, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba su daina tsiro har ya mutu, kamar dai farcen mutum. A daji ba ya rasa abin da zai rage su, don dare farai yana datsar kara mai tauri. Amma in ka sa shi a keji, ka tausaya masa da abinci mai laushi kaɗai, haƙorin zai yi ta fita ba abin da ke cinye shi, har bakin ya kasa rufuwa. Sai dabba ta mutu da yunwa ga kwano cike a gabanta, mai ita kuwa ya ce sammu ne, ko kuma ya ce direba ya sayar masa da marasa lafiya. A Amurka akwai wani ɗan'uwan kurege, ƙato, mai haƙa rami, wanda su ke kira wudcak. An auna haƙorinsa an ga yana ƙaruwa da misalin inci ɗaya cikin wata huɗu. Shi ya sa masu lura da shi a gidajen dabbobi na can ba su barin ɗakinsa ba reshen itace da zai gwaguya.

Mu nan ba sai mun sayi kome ba. Karan dawa, karan masara, takanda, totuwar masara, ƙwallon goriba, reshen gwaiba, ko ƙashin saniya da aka dafa ya bushe, duk suna yi. Ka tabbata kullum akwai ɗaya a ciki. Wanda haƙorinsa ya riga ya wuce kima kuwa, kai shi wajen malamin dabbobi ya rage masa. Kada ka sa filaya da kanka, haƙorin yakan tsage har cikin saiwa.

Na biyu shi ne tsoro. Gyazbi dabbar dare ce, da rana yana kwance cikin ciyawa mai duhu, kuma duk abin da ya motsa a kansa shaho ne ko kare a wurinsa. In ya firgita ba ya duban gabansa, sai ya zabura ya bugi bango, ya sake bugu. Abin da ya sale hancin waccan macen ke nan, kuma ina kyautata zaton haka biyun farko suka tafi. Magani kuwa ba wuya. Ɗauki tsohon tulu ko randa da bakinta ya ɓare, ka kwantar da ita a gefe guda, ka zuba busasshiyar ciyawa a ciki. Da zarar dabbar ta san tana da inda za ta shige, sai ka ga ta daina zabura, har ta fara fitowa ta ci a gabanka. Ɗakin kuma a kai shi bayan gida, nesa da turmi da inji da yara. Na bulo da siminti ya fi na waya zalla, katako kuwa cinye shi za su yi su fita. A raba shi gida biyu da 'yar ƙofa a tsakani, don sa'ad da ka ke sharar wannan gefe su koma wancan.

Kuma mutum ɗaya ya riƙa ba su abinci, a lokaci ɗaya kullum. Ni nakan yi 'yar fito in na doso, yanzu da sun ji ta sai su leƙo. Wajen kamu, kada ka kama tsakiyar wutsiya ko ƙarshenta, tsinkewa ta ke yi ta bar ka da fata a hannu. A gindinta a ke kamawa, ɗaya hannun kuma ya tallafi jiki. In ma ba dole ba, ka ƙyale kamun, ka kora shi cikin ɗan akwati.

Ga yadda na ke yi kowace rana. Da hantsi na ke shiga, ba da asuba ba, saboda gyazbi yana da wata al'ada irin ta zomo, yakan koma ya ci wani ɓangare na kashinsa mai laushi, daga nan ya ke samun abin da cikinsa bai tsotse ba a karon farko. Wannan ba ƙazanta ba ce, gina jiki ne, saboda haka ban katse masa ba. In na shiga, kafin in taɓa tsintsiya sai in tsaya in duba. Wa ya fito, wa ya maƙale a tulu? Abincin jiya an ci ko an bari? Kashin ya fito ƙulu-ƙulu a bushe, ko kuwa ya yi ruwa? Wannan tsayuwar ta minti biyar ta fi duk wata allura amfani, don irin waɗannan dabbobi suna ɓoye ciwo, ran da ka ga ɗaya a kwance ya riga ya yi nisa. Sa'an nan in share, in kwashe ragowar ciyawa, in wanke kasko in zuba sabon ruwa. Akwai masu cewa gyazbi ba ya shan ruwa. Wataƙila a kurmin kudu inda ciyawa ke ɗanye shekara duka zai iya jurewa, amma a bazarar Jigawa duk wanda ya gaskata wannan zai yi jana'iza.

Yawancin abincin da yamma a ke ba shi, tun da da dare ya ke ci. Ciyawa ce uwa: gamba, kyasuwa, ganyen masara da na rake, harawar gyaɗa da ta wake, ganyen dankali. A kan wannan a ƙara ɗan tsaba, ko dusa busasshiya da ɗan garin ƙuliƙuli da gishiri kaɗan, da guntun dankali ko rogo irin wanda mutum ke ci. Amma fa a kula, ciyawar damina mai raɓa ba a ba da ita nan take. Yanke ta yau, baza ta a inuwa ta yi yaushi, gobe ka bayar. Nan na yi tawa wautar. Wata safiya cikin Agusta ina sauri zan fita rangadi, na yanko ɗanyar ciyawa jiƙe na watsa musu, kwana biyu babban namijina ya kama zawo, cikinsa ya kumbura, ya mutu. Haka kuma kada a yanko daga gefen gonar da aka yi wa feshi.

Yanzu ga wani abu da na san waɗansu za su yi mini dariya a kai. Dabba ma tana gajiya da zaman banza. Wanda ya saba yawon dare yana sansana yana nema, in ka kulle shi a ɗaki fayau ba abin yi, sai ya shiga zagaye wuri ɗaya, ko cizon waya, ko ya far wa ɗan'uwansa. Masu kula da wudcak ɗin can sukan cika masa akwati da ƙasa ya yi ta tono, su ɓoye abincinsa cikin ciyawa ko cikin kwali don ya wahala kafin ya samu. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya kuma akwai wata ƙungiya mai suna APOPO, wadda ke horar da 'yar'uwar gafiyarmu ta nemo nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, da kuma sansano tarin fuka a cikin majina. Kowace gafiya tana da tukunyar ƙasa ta kwana, da itacen gwaguya, da filin da a ke sakinta ta yi guje-guje, ladan aikinta kuwa ayaba da gyaɗa. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ya gano nakiya 71 a ƙasar Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020, ya mutu a 2022 yana da shekara 8. Ka ji gafiyar da mu ke bi da sanda da hayaƙi! Waɗannan mutane ba don shagwaɓa su ke yin haka ba, sun ga dabbar da hankalinta ke kwance ita ce ke aiki ta kuma daɗe.

Mu ba nakiya mu ke nema ba, nama da 'ya'ya mu ke so, amma hanyar ɗaya ce. Maimakon ka yayyanka rake, jefa shi da tsawonsa. Rataye damin ciyawa sama kaɗan don su miƙe su jawo. Cusa tsaba cikin harawa su tona. Yau goriba, gobe totuwa. Ban taɓa kashe ko kwabo a kan wannan ba.

Sanyi da zafi kuwa sai mun fi mutanen kudu kula. Iskar hunturu tana sa musu ciwon huhu, musamman ƙanana, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu a toshe gefen gabas da arewa da zana ko buhu, a ƙara ciyawar shimfiɗa. Da bazara, rufin kwano tsirara tanda ne, a ɗora masa kara ko bunu. Shi wudcak yana da tasa dabarar, in sanyi ya shigo sai ya shige rami ya yi barcin watanni, zuciyarsa ta koma bugu kamar biyar a minti. Gyazbi bai iya wannan ba, kai ne raminsa.

Kada a haɗa manyan maza biyu wuri ɗaya in akwai mace, sai ɗaya ya kashe ɗaya. Abincinsu kuma a rufe shi a durom, don kada ya jawo ɓerayen gida, waɗanda cikinsu akwai mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969. A wanke hannu da sabulu bayan shara, wanda ya mutu kuma a binne shi, kada a ci. Ban kuma ba da shawarar a kamo na daji a haɗa da na gida ba. A 2003 gafiyoyi da waɗansu ɓeraye da aka kai Amurka daga Gana sun shigar da ƙyandar biri, har mutane da dama suka kamu.

Akwai mai tambaya, shin akwai riba? Ga yadda na ke gani. Mace tana ɗaukar ciki wajen wata biyar, ta haifi kamar huɗu, idonsu buɗe, da gashinsu, suna gudu tun ranar farko. In ta yi ƙoƙari ta haihu sau biyu a shekara. Zomanya kuwa wata ɗaya ne cikinta. Saboda haka mai son kuɗi da sauri ya tsaya ga zomo. Kuma tun da aka fara gwada kiwon gyazbi a Gana da Jami'ar Ibadan cikin shekarun 1970, sa'an nan Jamhuriyar Benin ta ɗauke shi gadan-gadan da taimakon Jamusawa cikin shekarun 1980, duk inda ya yi ƙarfi wuri ne mai ciyawa rani da damina. Mu nan daga Janairu zuwa Mayu ina za ka samo ɗanye? Mai fadama ko lambu a bakin kogi shi ne zai iya, shi ma sai ya adana harawa tun da kaka. Akawu ko ɗan kasuwa da zai sayi kowane dami da kuɗi, ya fara buga lissafi, ya kuma san wa zai saya kafin ya gina ɗaki.

Dattijon Gwaram yana da lambun rake, don haka na ce ya ci gaba. Muka mayar da kejin bayan rumbu, muka sa tuluna biyu, ya ɗora wa jikansa guda aikin, ya hana sauran yaran zuwa wurin. Mai dogon haƙorin an rage mata, amma ta riga ta rame ƙwarai, ba ta kai sati ba. Mai salallen hancin ta warke. Da na koma ran Talatar da ta wuce na tarar cikinta ya fara nauyi, na ce masa ya ware ta ɗaki dabam kafin ta haihu, kuma ya bar 'ya'yan tare da ita sati shida kafin ya yaye su.