Shin Da Gaske An Soke Inshorar Lafiya?

Maganar tana yawo a rumfunan Kasuwar Kurmi ta Kano, daga layin dukawa zuwa na masu turare: wai gwamnati ta soke inshorar lafiya, duk wanda ya zuba kuɗinsa ya yi asara. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa ta samu karɓuwa.

Gaskiya ne an soke wata doka. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta shafe tsohuwar dokar inshorar lafiya ta NHIS, wadda aka yi a 1999 ta kuma fara aiki a 2005. Amma a wannan takardar ce aka kafa hukumar NHIA a madadinta, aka kuma wajabta wa kowane mazaunin Najeriya shiga inshorar, alhali a da ganin dama ne. Masu yaɗa zancen farkonsa suka ji, ba su tsaya sun ji ƙarshe ba. Wasu kuma rigimar Amurka suke haɗawa da tamu, inda 'yan Republican suka nemi rushe dokar inshorar lafiya ta Obama ta 2010. Ko a can, yunƙurin ya faɗi a majalisar dattawa a 2017.

Ana kuma cewa abin na ma'aikatan gwamnati ne kawai. A doka ba haka ba ne. Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA, wadda dokar 2016 ta kafa, tana da tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Sai dai ba na ganin laifin mai wannan zato. Ma'aikaci daga albashi ake cire masa ko bai motsa ba. Baduku kuwa sai ya rufe rumfa ya je ya yi rajista da ƙafarsa, ya biya daga cinikin da ba kullum yake zuwa ba. Shi ya sa har yau sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Wannan abu yana ci mini rai, domin ciwo ɗaya yakan cinye jarin shekara goma.

Batun cewa komai kyauta ne, shi ma ba daidai ba ne. Akwai cututtuka da magungunan da tsarin bai ɗauka ba. Kyautar ta marasa galihu ce, ta asusun da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma bai kai ga kowa ba tukuna. Ƙorafin dogon layi da "babu magani, je ka saya a waje" kuwa gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa a gyara.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, don Allah ku gayyato jami'an KSCHMA cikin Kurmi su yi bayani a gaban jama'a: nawa ake biya, me aka ɗauke, wane asibiti za a je. Kai kuma ɗan'uwa, ka tambaya kafin ciwo ya zo.