Charger Ko Lexus: Shawarar Da Na Ba Ɗan Yayana A Haɗeja

Washegarin Ƙaramar Sallar bana, bayan mun dawo daga kallon hawa, ɗan yayana ya same ni a zauren gidanmu da ke Haɗeja, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baffa, don Allah duba mini waɗannan biyun, wacce zan ɗauka?" Hotunan motoci biyu ne da wani dillali ya turo masa daga Kano: baƙar Dodge Charger mai faffaɗan ƙirji, da farar Lexus IS 350. Kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Yaron bai cika shekara talatin ba, amma shekara uku ke nan Allah yana sa masa albarka a noman shinkafa na rani a wajen Auyo, har ya fara sarin ta maƙwabta yana kai wa kamfanonin casa a Kano. Ni ba bakanike ba ne, alli da allo ne sana'ata. Sai dai na shafe shekara goma sha biyar ina bin hanyoyin wannan yanki da mota, kuma abin da ban koya a aji ba na koye shi a gareji, da kuɗin aljihuna. Na kawo amsar da na ba shi nan ne domin matasanmu da dama da noman rani ya buɗe wa ƙofa suna gaban irin wannan zaɓi.

Charger jikar wani gida ce da Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji. Tunanin da ya haife su mai sauƙi ne: a ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas a dasa a jikin motar da ma'aikaci zai iya saya. Yawanci ana fara lissafin zamaninsu daga Pontiac GTO ta 1964, lokacin da fetur ke da arha a Amurka. Da rikicin man 1973 ya zo, kasuwarsu ta durƙushe. An farfaɗo da Charger a 2006 da ƙofa huɗu, kuma wadda ke ɗauke da injin Hemi mai lita 5.7 tana ba da ƙarfin doki kusan 370. Finafinan Fast & Furious, waɗanda aka fara a 2001, su suka kai sunanta majalisun samarinmu. Kada a haɗa ta da Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011 da 'yan Najeriya suka raɗa wa suna Muscle. Waccan motar iyali ce salihar baiwar Allah, laƙabin kawai ta ara.

Lexus kuwa Toyota ce da ta sa babbar riga. Kamfanin ya fito da sunan a 1989 don ya yi gogayya da Mercedes da BMW, kuma IS ita ce 'yar ƙaramarsu mai zafin nama. Injin IS 350 mai silinda shida ne, lita 3.5, ƙarfin doki ɗari uku da 'yan kai. Ta fi Charger rashin nauyi, ta fi ta biyayya a kwana, ba ta kuma da hayaniya.

A batun shan mai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, dukkansu maƙoshinsu a buɗe yake. Tankin Charger yana cin kusan lita 70. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa, har lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. A wancan farashin, cika tankin sau ɗaya ya cinye mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ɗungurungum. Adalci kuma ya sa in faɗi inda Charger ta yi zarra: gidajen manmu nau'in fetur ɗaya suke sayarwa, injinta ya fi haƙuri da shi, ita kuwa IS 350 an tsara ta ne a kan fetur mai daraja ta sama.

Da muka zo kan ƙarko, sai yaron ya ce ya karanta a intanet cewa Dodge ta taɓa zuwa ta ɗaya a inganci. Gaskiyarsa. A 2020 ta yi kunnen doki da Kia a saman jadawalin J.D. Power, amma wannan awo na kwana casa'in na farko ne a hannun wanda ya sayi sabuwa fil. A awon da ke duba mota bayan ta shekara uku, Lexus ce ta saba zama a sahun gaba. Mu kuwa ba sabuwa muke saya ba. Mota ce da ta yi shekara goma a wata ƙasa, sau da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci, aka sauke ta a Legas ko Kwatano, aka yi mata kwaskwarima. Charger tana da ƙarin abin lura: 'yan sandan Amurka sun daɗe suna sintiri da ita, irin waɗannan kuma injinsu ya yi dubban awoyi yana aiki a tsaye, abin da lambar kilomita ba za ta nuna ba.

Abin da na fi jaddada masa shi ne, ƙarkon mota ba a jikinta kaɗai yake ba. Rabinsa yana hannun bakaniken da ke kusa da kai, da shagon da za a samu kayan gyara. Injin Hemi fulogi goma sha shida gare shi, biyu a kowace silinda. Yana da wata dabara ta kashe silinda huɗu idan ana tafiya a miƙe don rage shan mai, kuma dabarar da matsin baƙin mai take aiki, sai an zuba mata siririn man da aka ƙayyade. Al'adar garejojinmu kuwa ita ce a ɗura mai kauri, wai don zafin ƙasarmu. Nan ake fara kashe irin wannan inji a hankali, ba da mugunta ba. Idan wani abu ya lalace a Lexus, akwai kyakkyawan zaton a same shi a Ƙofar Ruwa a Kano, a sa shi a motar haya ya iso Haɗeja kafin magariba, domin danginta sun cika ƙasar, masu gyaran Toyota kuma ba baƙuwarsu ba ce. Na Charger kuwa sai a buga waya Ladipo a Legas, wani lokaci sai an yi odarsa daga ƙetare da dala. Ga shi kamfanin ya rufe ƙera wannan samfuri a Disambar 2023. Motar da ta kwana arba'in a ƙarƙashin darbejiya tana jiran ƙarfe ɗaya, ƙarfin dokinta bai amfana wa kowa komai ba.

Sai maganar ruwa, inda dukkansu biyun suka faɗi jarrabawa. Tsakanin cikin kowaccensu da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 14 ba. Ko kunyoyin rage gudu na cikin gari sai an bi su a karkace. Mu kuwa a bakin Kogin Haɗeja muke, ƙarƙashin madatsun Tiga da Challawa, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, da ya yi yawa sai ya nemi gonaki da tituna. Duk wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri ya san abin da nake nufi. A 2022 ni da kaina na tura wata ƙaramar motata cikin ruwan da ya hau titi, don na ga babbar mota ta wuce. Injin ya zuƙi ruwa ta inda yake shaƙar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe. Albashin wata huɗu ya tafi, laifin kuma nawa ne. Gonar ɗan yayana tana ƙarshen burji mai laka, daga Yuli zuwa Oktoba babu ɗayarsu da za ta kai shi can.

Na san duk wannan bayani bai taɓa ainihin abin da ke ransa ba. Suna yake so ya saya. Ban ga laifinsa ba, mu jikokin mahaya ne, garin da ake tsayawa a yaba ingarma da adonsa ranar hawa. Ni ma idan na ji rurin Hemi sai na waiga. Amma na tambaye shi: su wa kake so su waiga? Jarinsa na gaskiya amana ce. Manoma suna ba shi buhunan shanshera ya tafi da su Kano, sai ya sayar ya kawo kuɗi. Dattijon da ya ji salansa tana tsawa a ƙofar gidansa, abin da zai faɗo masa shi ne yaran da ke wasan mota a wajen biki, sai ya fara lissafin ko da kuɗin shinkafarsa ake wannan ɓarin mai. Ga shi yana neman aure a gidan da ake auna mutum da natsuwarsa. Iyayenmu sun hau Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma darajarta a idonsu ita ce ta kai ka ta dawo da kai. Wannan ma'auni bai mutu a Haɗeja ba. Lexus tana nuna an samu, amma da murya ƙasa-ƙasa. Sannan ranar da kaka ta yi, yana neman kuɗin sari da gaggawa, Lexus za ta samu mai saye cikin mako guda. Charger sai ta jira wani saurayi mai irin zuciyarsa, kuma shi zai yanke farashi.

Na ce masa in don ta ni ne, ya nemi Hilux ko da ta ɗan tsufa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baffa, ai wannan motar aiki ce, ni ta shiga nake so." Na ce to, cikin biyun nan Lexus, bisa sharaɗi uku: a binciki tarihinta da lambar jikinta, a tabbatar takardun kwastan na gaskiya ne, kuma ya tafi da bakanikensa a ɗaga kafet a duba ko akwai tsatsa da busasshiyar laka. Ya ce ya ji. Ranar Asabar da ta wuce suka tafi Kano. Da yamma bakaniken ya kira ni ya ce Lexus ɗin lafiyarta lau, amma sun baro ta tukuna, domin dillalin ya kunna masa Charger ɗin sau biyu, kuma ya nemi a ba shi mako guda ya yi istihara.