Farfaɗo da Hannun Yaro Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki a yara tana faruwa ne idan gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa ya sami rauni, galibi tun yaro yana ciki ko wajen haihuwa. Wani kuma sai daga baya take kama shi, sanadiyyar sanƙarau ko toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wadda ta fi addabar masu sikila. Gefen hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa dama na jiki, na dama kuma hagu. Wannan shanyewa ba shan inna ba ce. Shan inna takan saki gaɓa ta yi laƙwas, wannan kuwa sandarewa take kawowa: yatsu a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi, gwiwar hannu a lanƙwashe. Jaririn da kullum hannu ɗaya yake miƙawa tun bai cika shekara ba, ya kamata likita ya duba shi.

Babbar matsalar ita ce yaron yakan manta da hannun. Tun da mai lafiyar yana biya masa buƙata, sai ya bar ɗayan a rataye, rashin aiki ya ƙara masa rauni. Tausa da shafe-shafe ba sa warware wannan, domin ƙwaƙwalwa tana koyo ne daga motsin da yaron ya yi da kansa.

A kan haka aka gina hanyar killace hannu mai lafiya, wadda ta samo tushe daga binciken Edward Taub na Amurka. A tsarin manya, ana killace hannun kusan duk yini tsawon mako 2, ana atisaye na awa 6 kullum. Wannan ya yi wa yara tsauri, don haka aka sassauta. Wani tsari da aka gwada a Suwidin ya tsaya kan sa wa yaro safar hannu awa 2 a rana na wata 2, ana ba shi wasan da zai tilasta masa kamawa da saki da hannun mai rauni. Ana farawa da abu mai sauƙin riƙo, kamar ƙwallo ko kofi, kafin a kai ga tsintar wake, wanda kuma ba a ba ƙaramin da ke kai komai baki. Ba ɗauri ne na horo ba, kuma ba a yinsa sai da jagorancin ma'aikacin gashin ƙashi.

Sai dai yawancin ayyukan yau da kullum hannu biyu suke so. Shi ya sa Andrew Gordon da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka fito da horon hannu biyu, na awa 60 zuwa 90 cikin mako 2 ko 3. Ba a killace komai, ana dai zaɓar aikin da ba ya yiwuwa da hannu ɗaya: sa maɓalli, buɗe murfin kwalba, ɓare gyaɗa, riƙe takarda ana yanka ta. Bincike ya nuna hanyoyin biyu suna da amfani kusan daidai idan an ba su tsawon lokaci iri ɗaya. A ƙasar Hausa, inda ake ci da dama, yaron da damarsa ce ta shanye yana shan tsawa a bakin akushi, alhali riƙe kwano da hannun ma ci gaba ne.

Sauran hanyoyin mataimaka ne kawai. Allurar Botox tana sassauta tsokar da ta sandare na kimanin wata 3 zuwa 4, amma idan ba a yi atisaye cikin wannan lokaci ba, tsokar za ta koma yadda take ba tare da hannun ya koyi komai ba. Takalmin hannu da ake ɗaurawa a wuyan hannu yana taimakawa wajen riƙe gaɓa a miƙe, kuma ana sake auna shi yayin da yaro ke girma.